Ƙwayar Hatsi a Gidan Dara: Adadin da Ya Kamata Mu Iya Faɗa da Hausa

Ga wani adadi: 18.446.744.073.709.551.615. Alƙalumansa ashirin ne. Kwafe shi a allo ba wuya, kowane ɗalibi zai iya. Amma a ce wa ɗalibin ya ɗaga murya ya karanta shi da Hausa, ta yadda mai sauraro a Maraɗi da mai sauraro a Katsina za su rubuta abu guda, to nan ake yin ta. Wanda ya yi karatu da Faransanci zai fara da "tiriliyan goma sha takwas". Wanda ya yi da Ingilishi zai ce tiriliyan ta yi kaɗan ƙwarai, ko kusa ba ta kai ba. Dukansu Hausawa ne, dukansu sun san lissafi, amma abin da kalmar take nufi a bakin na farko ya ninka abin da take nufi a bakin na biyu sau miliyan.

Ra'ayin da nake son karewa a nan shi ne, Hausa tana da duk kayan aikin da ake bukata domin faɗar wannan adadi da bayyana halayensa. Abin da ya rage mana yarjejeniya ce a kan ƴan kalmomi kaɗan, kuma wannan aiki ya rataya a wuyan masu nazarin harshe kamar yadda ya rataya a wuyan malaman lissafi. Na zaɓi wannan adadi ne domin yana da tarihi, yana da halaye masu ban sha'awa, kuma duk wata ɓaraka da ke cikin ƙidayarmu ta yau sai ta fito fili idan aka zo karanta shi.

Asalin adadin

Hikayar ta zo a cikin Wafayatul A'ayan, littafin tarihin mashahuran mutane na alƙali Ibn Khallikan, wanda ya fara tsara shi a Alƙahira a 1256, ya kuma rasu a Dimashƙa a 1282. An ce wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago shaɗaranji, wato darar nan mai gida takwas a tsaye, takwas a kwance, jimilla gida 64. Da ya kai wa sarki, sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sissa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gida na ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Sai da masu lissafin fada suka zauna suka auna, sannan suka komo suka shaida masa cewa duk alkamar da ke ƙasar ba za ta biya ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayanin da ya biyo bayan hikayar. Ibn Khallikan ya nuna cewa shi kansa zuciyarsa ba ta natsu da wannan zance ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariya ya warware masa shi daki-daki. Dabarar mutumin ita ce sauya ma'auni duk lokacin da adadi ya fi ƙarfin tunani. A gida na 16 akwai ƙwaya 32.768, sai ya ce a ɗauke su mudu guda. Aka ci gaba da ninka mudu har gida na 40, inda awon ya isa ya cika katafaren rumbu, sai ya ce a ɗauke shi rumbu guda. A gida na 50 an sami rumbu 1.024, ya ce a ɗauke su birni guda. Da aka kai gida na 64, sai ga birni 16.384, kowanne maƙil da rumbunan alkama. A nan ne hankali ya kama abin da alƙaluma ashirin suka kasa nuna masa.

Tun kafin Ibn Khallikan, wajen shekara ta 1000, Albiruni ya riga ya fitar da adadin cif-cif ta gajeriyar hanya. A ninka 16 da kanta, a sami 256. A ninka 256 da kanta, a sami 65.536. A ninka wannan da kanta, a sami 4.294.967.296. A sake ninkawa sau ɗaya, a cire ɗaya, an iso. Ninki huɗu kacal ya wadatar, maimakon tara gidaje sittin da huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Halayen adadin

Me ya sa ake cire ɗaya? Wannan shi ne hali na farko. Kowane gida ya fi jimillar duk gidajen da suka gabace shi da ƙwaya guda. Ɗaya da biyu uku ne, gida na uku kuwa huɗu gare shi. Ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne, gida na huɗu kuwa takwas gare shi. Haka abin yake tafiya har ƙarshe. Saboda haka jimillar gidaje 64 daidai take da abin da zai zauna a gida na 65, in da akwai shi, a rage ƙwaya ɗaya. Abin da zai zauna a gida na 65 kuwa shi ne biyu sau biyu sau biyu, har biyu ta bayyana sau 64. Bari mu kira wannan "biyu hawa sittin da huɗu", kamar yadda muke cewa bene hawa uku. To adadinmu shi ne biyu hawa sittin da huɗu gaira ɗaya. Mai karatu zai lura cewa ginin jimlar ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun saba cewa ashirin ba ɗaya a maimakon goma sha tara, ko ɗari gaira biyar a maimakon casa'in da biyar. Ƙidaya ta hanyar ragi tsohuwar al'ada ce a Hausa, kuma ga shi ta dace da wannan adadi kamar don shi aka yi ta.

Wannan hali na ninki shi ne ya yaudari sarki. Mu ɗauka, domin sauƙin lissafi, cewa gero ne ake zubawa, kuma ƙwaya dubu nauyinsu giram goma ne. Rabin farko na allon, wato gida 32, jimillarsa ƙwaya 4.294.967.295 ce, kimanin tan 43, lodin babbar mota ɗaya ko biyu. Kowane attajirin hatsi zai iya biya. Amma allon gaba ɗaya ya haura tan miliyar 184. Ƙasar da take noma tan miliyan huɗu na gero kowace shekara sai ta yi shekara fiye da 46.000 tana tarawa, ba ci ba sayarwa, kafin ta biya. In kuwa ƙirga ƙwayoyin za a yi, ɗaya a kowane sakan ba dare ba rana, aikin zai ci shekara kusan miliyar 585, alhali masana sararin samaniya sun ƙiyasta shekarun duniyar taurari baki ɗaya a kan miliyar 13,8. Wannan lissafi na sakan shi ne ke bayan wasan Hasumiyar Hanoi da Bafaranshe Édouard Lucas ya fitar a 1883: in faya-fayan wasan 64 ne, yawan motsin da ake bukata domin kwashe su shi ne adadinmu daidai.

Hali na biyu ana ganinsa da ido. A wasan cika ko mara, wannan adadi mara ne, tun da ɗaya aka cire daga cika. Ya ƙare da 5, saboda haka biyar tana raba shi ba saura. In aka tara alƙalumansa ashirin za a sami 87, wadda uku take rabawa amma tara ba ta rabawa. Don haka uku tana raba adadin, tara kuwa ba ta raba shi.

Hali na uku shi ne mafi kyau, kuma yana bukatar kalma guda. Akwai lambobin da ba abin da yake raba su ba saura sai ɗaya ko su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Su ne tubalan da ake gina kowane adadi da su ta hanyar ninki. Bisa tsarin gagara-gasa da gagara-misali, zan kira irin wannan lamba "gagara-rabo". To waɗanne gagara-rabo ne suka gina adadinmu?

Akwai ƙa'ida mai sauƙi: in aka ninka lamba da kanta aka cire ɗaya, sakamakon daidai yake da ninkin maƙwabtanta biyu, ta ƙasa da ta sama. Huɗu sau huɗu gaira ɗaya goma sha biyar ne, wato uku sau biyar. Mu bi hanyar Albiruni da baya da wannan ƙa'ida. Adadinmu shi ne 4.294.967.295 sau 4.294.967.297. Na farkon shi ne 65.535 sau 65.537. Ita kuma 65.535 ita ce 255 sau 257. Sai 255, wadda take 15 sau 17. Sai 15, wadda take 3 sau 5. Adadi mai alƙaluma ashirin ya warware kamar an ja bakin zaren saƙa, ya bar mana lambobi shida: 3, 5, 17, 257, 65.537 da 4.294.967.297.

Waɗannan shida suna da suna a tarihin lissafi. Kowace ɗaya daga cikinsu wani hawa ne na biyu da aka ƙara wa ɗaya, kuma ana kiran su lambobin Fermat, da sunan alƙalin nan na Faransa, Pierre de Fermat, wanda a 1640 ya bayyana zatonsa cewa duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne. Biyar ɗin farko sun gaskata shi. Ta shida ce ta ba shi kunya bayan ransa: a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 4.294.967.297 ita ce 641 sau 6.700.417. Duk mai shakka ya ɗauki alƙalami ya gwada. Tun daga lokacin har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin ba bayan 65.537. Biyar ɗin nan kuwa sun sake ɓullowa a wani fage da ba a zata ba. A 1796 Carl Friedrich Gauss, yana saurayi bai cika shekara goma sha tara ba, ya gano cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 masu tsawo ɗaya da rula da kamfas kawai, kuma sirrin hakan shi ne kasancewar 17 cikin gagara-rabon Fermat.

Ke nan tubalan adadinmu bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65.537 da 6.700.417, ba wadda ta maimaitu. Tun da kowane tubali ana iya ɗaukarsa ko a bar shi, yawan lambobin da suke raba adadin ba saura shi ne biyu hawa bakwai, wato 128, har da ɗaya da shi kansa.

Hali na huɗu yana cikin aljihunmu. Kwamfuta da wayar salula da alƙaluma biyu kawai suke ƙirga, sifiri da ɗaya. A wannan tsari, adadinmu ɗaya ce aka jera sau 64, ba sifiri ko guda. Kamar yadda 999 take ƙurewar abin da gurbi uku zai ɗauka a ƙidayarmu ta goma-goma, haka wannan adadi yake ƙurewar abin da gurbi 64 zai ɗauka a ƙidayar biyu-biyu. Yawancin kwamfutoci da wayoyin zamani da gurbi 64 suke aiki. Adadin Sissa ɗan Dahir shi ne iyakar abin da irin wannan ma'ajiya take iya riƙewa. In aka ƙara ɗaya, sai ta koma sifiri.

Duk wannan bayani da Hausa aka yi shi, kuma kalmomi biyu kawai na ƙaga. Wannan ita ce hujjata ta farko.

Yadda Bahaushe ya saba da manyan adadi

Masu cewa Hausa harshen ƙananan adadi ce ba su duba tarihin kasuwa ba. A zamanin da wuri yake kuɗi, fatake da dillalai miliyoyi suke juyawa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a farkon 1851, ya tarar ana ƙirga wuri 500.000. Ya bayyana yadda ake jan su biyar-biyar da yatsu, ana tara su tsibi-tsibi na hauya goma, wato ɗari biyu, ko na dubu. Hauya ashirin ce, zangu ɗari, keso kuwa wuri dubu ashirin. Akwai zambar da ake ninka dubbai da ita, har a ce zambar dubu, ko dubu dubu, ana nufin abin da muke kira miliyan a yau. Wannan ita ce dabarar ma'aikacin Iskandariya: in adadi ya yi yawa, a ɗaure shi dami guda, a ba shi suna, a ci gaba da ƙirga dammuna.

Bayan wannan, Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk daga Larabci suka zo, suka ture gomiya biyu da gomiya uku daga bakin yawancin mutane. Minya, metan, arbaminya, hamsaminya, alif da alfin su ma sun shigo, wasu suka zauna, wasu suka tsufa. Ta hannun malamai da fatake suka shigo, domin ilimin hisabi da Larabci ake yin sa a ƙasar Hausa. A shekarar nan ta 1732 da Euler ya fasa lambar Fermat, wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin tsara lambobi a gidajen hatimi. Daga baya Turawa suka kawo miliyan, ta zauna daram a ɓangarorin iyaka biyu. Matsalar ta fara ne daga abin da ya haura miliyan.

Inda gizo yake saƙa

Turawa kansu ba su daidaita ba. Tsari biyu gare su. A dogon tsari, wanda asalinsa yake komawa ga Bafaranshe Nicolas Chuquet a 1484, kowane sabon suna yana ninka na baya sau miliyan: "billion" miliyan sau miliyan ce, sifiri goma sha biyu, "trillion" kuwa sifiri goma sha takwas. Dubun miliyan, mai sifiri tara, ita ake kira "milliard". A gajeren tsari kuwa kowane sabon suna sau dubu yake ninka na baya: biliyan sifiri tara, tiriliyan sifiri goma sha biyu. Abin dariya, Faransa ta daɗe tana bin gajeren tsari, daga wurinta ma Amurka ta ɗauka, sannan ta koma dogon tsari a hukumance da dokar 1961. Ingila kuma ta yi akasin haka, gwamnatinta ta bar dogon tsari ta koma gajere a 1974.

Hausa ta gaji rigimar nan ta ƙofa biyu. A Nijeriya biliyan sifiri tara ce, tiriliyan sifiri goma sha biyu. A nan Nijar miliyar muke cewa ga mai sifiri tara, kuma ɗalibin da ya tarar da "billion" a takardar Faransanci, in ya mayar da ita biliyan, ya rage adadin sau dubu a kunnen duk wanda ya saba da gidajen rediyon Hausa na Nijeriya da na ƙetare. In "trillion" ce ya mayar tiriliyan, ragin sau miliyan ne. Ko a rubuce ma ba mu tsira ba: mu ɗigo ko fili muke sawa tsakanin dubbai, waƙafi kuma ga abin da bai cika ɗaya ba, maƙwabtanmu kuwa akasin haka suke yi. Abin da aka rubuta 1.500 dubu da ɗari biyar ne a Damagaram, ɗaya da rabi ne a Kano.

Ɓaraka ta biyu daga cikin gida take. A Hausa abin ƙirgawa ne yake gaba, adadi ya biyo baya, kuma dubu da miliyan haka ake ƙirga su, kamar awaki: dubu biyar, miliyan goma. Harafin "da" kuwa shi yake haɗa komai. To "dubu ashirin da biyar" 25.000 ce ko 20.005? Nahawu ya yarda da duka biyun. A hira, yanayin magana yana warware shubuhar. A takardar bashi, ko sakamakon zaɓe, ko ƙidayar jama'a, ba yanayin da zai taimaka.

Ɓaraka ta uku ta kuɗi ce. A kasuwanninmu da dala ake ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Mai tumatir in ta ce ashirin, sefa 100 take nufi. In ta ce ɗari, 500 take nufi. Jikka kuwa 1.000. Mai karanta labarai da ya ce "miliyan ɗari" bai ambaci ma'auni ba ya bar mai sauraro da aikin zato.

Wani zai ce waɗannan adadi na masana ne, talaka ba ruwansa da su. Kasafin kuɗin ƙasarmu na ƴan shekarun nan tsakanin sefa miliyar dubu biyu da miliyar dubu uku da wani abu yake kaiwa da komowa. Sefa miliyar dubu uku ita ce jikka miliyar uku, ita ce kuma abin da maƙwabtanmu za su kira tiriliyan uku. Bashin ƙasa, kuɗin man fetur da na yuraniyom, duk a wannan mataki ake maganarsu. Tun da Kundin Sabunta Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, waɗannan alƙaluma za su ƙara yawaita a bakin masu fassara da ƴan jarida da malaman makaranta. Ɗan ƙasar da ba ya iya bambance miliyar da miliyar dubu a harshensa ba shi da hanyar tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Matsayinsa ɗaya da na sarkin hikaya, wanda ya amince da abin da bai iya aunawa ba.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, a tsayar da miliyar a kan sifiri tara. Kalma ce mai ma'ana guda a duk harshen da yake da ita, har da Larabcin zamani. Biliyan kuma a karɓe ta a matsayin takwararta, tun da haka miliyoyin Hausawa suke amfani da ita, kuma ba mai iya cire ta daga bakinsu. Sharaɗin kawai shi ne, "billion" ta Faransanci kada a taɓa fassara ta da biliyan. Miliyar dubu ce.

Na biyu, abin da ya haura miliyar a gina shi bisa tsarin dubu dubu: miliyar dubu ga sifiri goma sha biyu, miliyar miliyan ga sifiri goma sha biyar, miliyar miliyar ga sifiri goma sha takwas.

Na uku, a rubutun hukuma da na makaranta, a wajabta sa "guda" a gaban rukunin ƙarshe, kamar yadda masu magana da yawa suke yi tun da ma in suna gudun ruɗani. Dubu ashirin da biyar ta tsaya a kan 25.000, in 20.005 ake nufi, a ce dubu ashirin da guda biyar. A kuma riƙa ambatar ma'aunin kuɗi, sefa ne ko jikka.

Da waɗannan ƙa'idoji uku, ga yadda adadinmu zai karantu: miliyar miliyar goma sha takwas, da miliyar miliyan ɗari huɗu da arba'in da shida, da miliyar dubu ɗari bakwai da arba'in da huɗu, da miliyar saba'in da uku, da miliyan ɗari bakwai da tara, da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗaya, da guda ɗari shida da goma sha biyar. Rukuni bakwai, kowanne da sunansa a gaba, ba kalmar da mai sauraron rediyo bai taɓa ji ba.

Za a ce karatun ya yi tsawo. Gaskiya ne, amma na Faransanci da na Ingilishi ma ba su fi shi gajarta da wani abin kirki ba, domin rukuni bakwai rukuni bakwai ne a kowane harshe. Masanin kimiyya a ko'ina ba ya karanta irin wannan adadi ƙwaya-ƙwaya. Cewa yake yi kusan goma sha takwas sau goma hawa goma sha takwas, ya wuce. Amfanin kalma irin "hawa" ke nan.

Za a kuma ce, me zai hana mu ari jerin Ingilishi gaba ɗaya mu huta, tun da yawancin Hausawa a Nijeriya suke? Wannan hujja tana da nauyi, shi ya sa na ce a karɓi biliyan, kuma tiriliyan ma za a ci gaba da jin ta. Sai dai a lura da yadda kalmomin suka ginu. Gaɓoɓin farko na biliyan da tiriliyan da waɗanda suke biye da su lambobin Latin ne: biyu, uku, huɗu, biyar. Bature yana jin ƙidayar a cikin kalmar, tana yi masa jagora. A kunnen Bahaushe kuwa sautuka ne masu kama da juna waɗanda sai an haddace, kuma kowannensu ma'ana biyu gare shi gwargwadon makarantar da mai magana ya yi. Miliyar dubu kuwa tana faɗin girmanta da bakinta.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce, ba a kafa kalma da doka. Metan da arbaminya sun tsufa ba wanda ya kore su, miliyan ta zauna ba wanda ya naɗa ta. "Hawa" da "gagara-rabo" ma ƙila su mutu a wannan shafi, in malaman lissafi suna da waɗanda suka fi su karɓuwa a aji. Na yarda da haka. Amma daidaita ƙa'ida wani abu ne da muka taɓa yi ya kuma yi amfani. Taron Bamako na 1966 da ƙa'idojin rubutu da ƙasarmu ta tsayar a 1999 ba su sauya yadda mutane suke magana ba, sun dai sa abin da aka rubuta a Tawa yana karantuwa a Damagaram. Irin wannan ake bukata ga ƙidaya.

Kammalawa

Aikin da ke gabanmu na fili ne, kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. A shirya jerin adadi, a karanta wa ƴan kasuwa, malaman firamare, ma'aikatan rediyo da ɗaliban makarantun allo a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a ga abin da kowa zai rubuta ko ya fahimta in ya ji "dubu ɗari da hamsin" ko "biliyan biyu". A naɗi labaran kasafin kuɗi na gidajen rediyo, a kwatanta kalmomin da aka faɗa da alƙaluman da ke takarda. A zauna da tsofaffin dillalai a tattara abin da ya saura na hauya, zangu da zambar kafin su tafi da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin kammala karatu, kuma sakamakonsu shi ne abin da za a ɗora a tebur ranar da sashen harsuna da sashen lissafi za su zauna tare.

Ina roƙon malamanmu su kira wannan zama, su kuma gayyaci takwarorinsu na Katsina, Kano da Sakkwato, domin yarjejeniyar da ta tsaya a iyaka rabin yarjejeniya ce. Gwajin da za a yi wa duk tsarin da aka amince da shi mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya karanta biyu hawa sittin da huɗu gaira ɗaya da cikakkun kalmomi, mutum goma daga garuruwa goma su rubuta, a duba ko alƙaluma ashirin ɗin sun zo ɗaya.